Gurnanin da ke Bayan Waƙar

Na yi rubutu a kansa tun ban san fuskarsa ba.
Layi bakwai, daren wata Talata,
a teburin mai shayi a Kwangila.
Na ce muryar tana da gishiri.
Na ce baiti na biyu ya yi tsawo, kamar zuwa Shika a ƙafa.
Sannan na ce akwai wani gurnani a bayan waƙar
tun daga farko har ƙarshe,
wanda ya haɗa sautin bai wanke kunnensa ba.
Biyu cikin biyar na ba shi. Na koma gida na sha barci.

Bai yi fushi ba. Saƙo ya turo:
"Malam, in ka sami sarari ka leƙo Tudun Jukun,
ka tambayi gidan Inna Balaraba."

Na je da tambayoyi goma sha ɗaya a takarda,
irin waɗanda nake yi wa kowa,
kowa kuma yake ba ni amsar da ya aro.

Ɗakin bai kai shagon mai caji ba.
Kwalin ƙwai a bango, an kafe da ƙusa da murfin kwalba,
katifa a jingine ta toshe taga,
makirfo sanye da safa ɗaya, ruwan toka.
Su uku ne kamfanin:
Jibo mai waƙa, Iliya mai latsa na'ura,
da Saratu ƙanwar Iliya, mai riƙe da littafin kuɗi,
shafi arba'in, an cika uku.

"Wuta muke jira," in ji Jibo.
Muka jira. Aka kawo dafaffiyar gyaɗa.
Na ce wa ya fara burge ka?
Ya ce wata mai tallar awara a layinsu
da ba ta taɓa kuskure sauti ba.
Na ce ina ka dosa nan da shekara biyar?
Ya dubi silin.
Na ninke takardata.

Huɗu saura kwata yaran layi suka kwarma ihu.
Ƙwan fitila ya kama.
Iliya ya faɗa kan kujerarsa,
a bayan bango kuma, kafin na'urar ta gama farkawa,
injin markaɗe ya tashi.

Na gane shi kamar tarin wanda na sani a cikin duhu.

Na leƙa zaure. Mata a jere da robobi,
tattasai, jiƙaƙƙen wake, gero.
Inna Balaraba na tura su da muciya, zani ɗaure a ƙugu.
Wutar awa biyu take yi, wata rana ɗaya.
Cikinta ɗa zai rera, cikinta uwa za ta niƙa,
wa zai ce wa wani dakata?

"Da kuɗin markaɗe aka sayi makirfon,"
in ji Saratu, ba ta ko ɗago kai ba.
Iliya ya ce sun taɓa goge ƙarar,
waƙar ta fito kamar miya ba daddawa.
Jibo ya ce, "Na daina faɗa da shi.
A kansa nake ɗora murya.
In wake ne, ya fi kauri, sai in sauko.
In tattasai ne, in hau."

A keke, hanyar komawa, na sa waƙar a kunne.
Mun wuce gadar Kubanni ke nan, minti na uku,
injin ya shaƙe,
can nesa wata murya ta ce, "Ƙaro ruwa!"
Sau biyar na saurari waƙar nan a baya.
Ina na ajiye nawa kunnen?

Na sake rubutu. Ban janye komai a kan baiti na biyu ba,
har yanzu ya yi tsawo.
Sai dai inda ake jera sunayen makaɗa
na ƙara layi ɗaya: Inna Balaraba, inji.

Da asuba amsa ta zo:
"Ta ce a gaishe ka.
Ta ce kuma baitin nan, ita ma ta faɗa mini."